Ba A Kiwon Kare Ranar Farauta, To Ranar Da Ya Kwanta Ciwo Fa?

A tsakiyar daminar da ta gabata wata hidimar 'yan uwa ta kai ni wani ƙauye da ke ƙasar Gwaram, can daf da iyakar Jigawa da Bauchi. Na tashi daga Birnin Kudu da hantsi, ban isa ba sai bayan azahar saboda caɓin hanya. Da aka gama abin da ya tara mu, sai mai masaukina ya ce in raka shi mu leƙa wani dattijo maƙwabcinsa, wai yana da maras lafiya a gida. Na ɗauka iyalinsa ce ko wani daga cikin jikoki. Ko da muka yi sallama muka shiga, sai na tarar da dattijon a tsugune a bayan rumbu, ya kara wani ɗan kasko na kunu a bakin wani baƙin kare da ke kwance a kan tsohon buhu. Karen ya rame har ana iya ƙirga haƙarƙarinsa, idanunsa biyu sun yi fari fat kamar an ɗiga musu nono.

A nan ne na tsinci kaina cikin wani hali da ban taɓa shiga ba. Bahaushe yana da gaisuwar kowane yanayi, to amma wace gaisuwa ake yi wa mai jinyar kare? Na yi jim, sannan na ce, "Baba, ya mai jiki?" Dattijon ya ɗago ya dube ni, kamar mai son ya gane ko ba'a nake yi masa. Da ya ga babu alamar wasa a fuskata sai ya ce, "Da sauƙi, Malam. Wata huɗu ke nan muna fama, in ka ɗauke wannan maƙwabcin nawa, kai ne farkon wanda ya tambaye ni."

Wannan magana ita ce ta hana ni sakat, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

Dattijon mafarauci ne, gadon gidansu ke nan. Karen kuwa, wanda yake kira Duna, shekara bakwai suna shiga daji tare. Duk wanda ya san ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ya san cewa da zarar an kawar da amfanin gona, rani ya kankama, to lokacin farauta ya yi. Za ka ga ayarin matasa da dattawa da gora da adda da karnuka sun nausa cikin duwatsu da dazuzzukan da suka miƙa har ƙasar Ningi, wasu ma su shiga mota su yi kudu, su shafe makonni ba su dawo ba. A irin wannan fita kare shi ne jarin mafarauci. Shi ke shinshino sawu, shi ke tayar da zomo da gada, shi ke tone gafiya, shi ne kuma yake fara jin motsin abin da zai cuci ubangidansa. Idan damina ta faɗi, shi ke korar birai daga gonar masara da ke gindin dutse, da dare kuma ya kwana a bakin turken awaki. Makiyayin da ke ruga shi ma haka abin yake a wurinsa. Zumuncin mutanen wannan yanki da dabba ba na jiya ba ne; tsofaffin zane-zanen shanu da ke jikin Dutsen Mesa da Dutsen Habude a Birnin Kudu sun isa shaida.

Amma duk da wannan hidima, a bakin Bahaushe kare ba shi da wata daraja. Da sunansa muke zagi. Wanda ya zama ɗan koren wani a siyasa mu ce masa karen farauta, yaron mota mu ce karen mota, wanda ya rasu a wulaƙance mu ce ya yi mutuwar kare. Idan saniyar mutum ta kwanta, maƙwabta za su zo jaje, wannan ya kawo shawara, wancan ya ba da aron kuɗin allura, idan ta faɗi a ce Allah ya mayar da alheri. Idan doki ne ma har daga wani gari ake zuwa. Idan kuwa kare ne, sai dariya. Dattijon nan ya shaida mini cewa ranar da ya sayar da akuya don ya biya kuɗin magani, har waƙa yara suka yi masa a bakin kasuwa, wani sa'ansa kuma ya tare shi a majalisa ya ce ko tsufa ne ya fara taɓa shi.

Ciwon Duna ya samo asali ne daga wata doguwar farauta da suka yi a dazuzzukan kudu a ƙarshen rani. Bayan sun dawo da kamar mako biyu sai zazzaɓi ya kama shi, ya daina cin abinci, fuska ta kumbura, dasashi ya yi fari, daga baya idanu suka rufe da hazo. Malamin dabbobin da ya duba shi ya ce sammore ne. Mu dai mun fi sanin sammore a jikin shanu, amma ƙudan tsandon da ke cizon saniya ba ya ƙyale kare, kuma kare yana iya ɗaukar cutar idan ya ci ɗanyen naman dabbar dajin da ke ɗauke da ita. Ƙwayar cutar tana zama a cikin jini ta riƙa cinye shi, shi ya sa dabba take ramewa ko da tana ci. A jikin kare takan yi tsanani fiye da yadda take yi wa yawancin shanunmu. Maganin da aka fi amfani da shi, wanda kowane Bafulatani ya sani da sunan Berenil, yana kashe ƙwayoyin da ke cikin jini, sai dai ba ya isa sosai ga waɗanda suka riga suka ɓuya a ƙwaƙwalwa. Saboda haka sai ka ga kare ya miƙe kamar ya warke, bayan 'yan makonni ciwo ya dawo. Sau uku ke nan Duna yana tashi yana komawa, a karo na biyu ne kuma ganinsa ya tafi bai dawo ba.

Ga wani abin da ya kamata kowane mai kare ya sani game da wannan magani: tazarar da ke tsakanin adadin da ke warkar da kare da adadin da ke hallaka shi ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Abin da saniya za ta ɗauka ta yi gaba, idan aka kwatanta da ido aka ɗirka wa kare, ko aka maimaita masa a kusa-kusa, yana iya lalata masa ƙwaƙwalwa, ya kama tangaɗi da farfaɗiya har ya mutu. Haka nan magungunan ciwon jiki da muke saye a kemis ba tare da tunani ba, irin su ibufurofen da daikulofinak, suna huda wa kare ciki su kashe masa ƙoda, farasitamol kuma idan ya yi yawa hanta yake ci. Mutumin da ake yi wa dariya ba zai fito fili ya yi tambaya ba. Zai lallaɓa kasuwa ne ya sayi ƙullin magani a hannun mai tebur, ya dama a ɓoye, ya yi allurar da kansa cikin dare. Sau da yawa abin da ke ƙarasa karen ke nan, ba ciwon ba.

Na san mai karatu, musamman wanda ke zaune a ofis a Dutse ko Kano, zai iya cewa: a ƙasar da yara ke kwana da yunwa, asibitocin mutane ma suna kuka, wane ne ke da lokacin kare? Tambaya ce mai nauyi, ban raina ta ba. Amsata ita ce, ko don yaran nan ma ya kamata mu kula.

Dalili kuwa shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta tana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya. Har kashi 99 cikin 100 na masu kamuwa daga kare suke samunta, kuma kimanin kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, domin su ne masu wasa da kwikwiyo, su ne masu jifan kare, su ne kuma masu ɓoye cizo don tsoron faɗan iyaye. Da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, to sai dai addu'a. Alhali kuwa cuta ce da aka san rigakafinta tun shekarar 1885, lokacin da Louis Pasteur ya ceci wani yaro a Faransa da allurarsa. Masana sun daɗe da tabbatar da cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, aka ɗore a kai, cutar takan yanke a wurin. A nan gida, Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana cikin masu haɗa wannan allura ta karnuka.

To ina alaƙar wannan da dattijonmu? Lokacin da Duna ya fara tangaɗi yana karo da bango saboda makanta, sai magana ta bazu a unguwa cewa ya haukace. Matasa suka taru da sanduna. Wasu suka ce a kai shi bayan gari a yar, wasu suka ce a jira fataken karnuka da ke zagaya ƙauyuka suna saye suna kaiwa kasuwanni irin ta Dawaki da ke ƙasar Kanke a Filato, a karɓi ɗan abin da ya samu. Tsoron mutanen unguwa yana da tushe, domin sammoren da ya taɓa ƙwaƙwalwa yana iya kama da hauka a ido. Sai dai duk shawarwarin nan uku babu ta kirki. Da a ce haukan ne da gaske, wanda ya matsa da sanda yana iya shan cizo, karen da aka yar a bayan gari zai faɗa wa 'yan kiwo da 'yan makarantar wani ƙauyen, wanda aka sayar kuwa an ɗora cuta a mota an aika wa wasu bayin Allah ke nan.

Abin da ya kamata a yi shi ne abin da maƙwabcin nan ya yi, wato mai masaukina, wanda tsohon malamin firamare ne. Ya tsaya a ƙofar gidan ya ce kowa ya dakata. Ya sa aka ɗaure karen a inda yaro ba zai kai gare shi ba, ana tura masa ruwa da abinci daga nesa, ya hau babur ya ɗauko malamin dabbobi. Ka'idar a nan mai sauƙi ce: karen da haukan gaske ya bayyana a jikinsa ba ya wuce kwana goma a raye. Wanda ya shafe wata guda yana jinya, wani ciwon ne ke damunsa daban. Ya kamata kuma a sani cewa ba kowane mahaukacin kare ne ke zabura yana cizo ba. Akwai wanda yake yin laƙwas, muƙamuƙinsa ya saki, yawu ya riƙa dalala, har mai shi ya zaci ƙashi ne ya maƙale masa ya zura hannu a baki. Kada a kuskura. Wanda kuma kare ya ciza ko ya yaƙusa, kowane irin kare ne, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, a garzaya asibiti a ranar, kada a tsaya tofi da shafe-shafe. Mutanen wannan yanki sun yi sa'a akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai mai kare ya yarda ya fito ya ce karena ba shi da lafiya. Ba kuwa zai fito ba matuƙar ya san abin da ke jiransa shi ne ba'a ko sanda.

Akwai masu fakewa da addini wajen wannan ƙyama, don haka bari in ɗan tsaya a nan, ko da yake ni ɗalibi ne. A mazhabar Malikiyya da muke bi a wannan ƙasa, duk abin da ke da rai mai tsarki ne, har da kare, har da yawunsa. Wanke ƙwaryar da ya yi lallagi a ciki sau bakwai malamanmu sun ɗauke shi a matsayin bin umarni ne, ba don najasa ba. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya halatta cin abin da dabbar da aka horar ta kamo. Abin da aka hana shi ne ajiye kare haka kawai, amma an yi rangwame ga na farauta da na kiwo da na gona. Masu sharhin Risala sun ruwaito cewa mawallafinta, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi yana tsoron maƙiya, da aka tuna masa cewa Imam Malik ya ƙi hakan, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin zamaninsu da abin da ya fi kare ma ya ajiye. Labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa kuwa, babu almajirin da bai ji shi ba. Muna karanta shi a zaure, mu fito mu yi wa mai aikata shi dariya.

Wani abin da ba mu cika lura da shi ba shi ne halin da shi mai jinyar yake shiga. A shekarar 2017 wata mai bincike a Jami'ar Kent State da ke Amurka, Mary Beth Spitznagel, ta wallafa nazarin da ya nuna cewa masu jinyar dabbar da ke fama da doguwar cuta suna fuskantar gajiya da damuwa da ƙuncin rai fiye da waɗanda dabbobinsu ke lafiya, irin dai abin da aka sani ga masu jinyar ɗan Adam. Wani zai ce ai wannan Turawa ne masu kwana da kare a gado. To dattijonmu bai taɓa barin Duna ya taka ɗakinsa ba, amma wata huɗu yana tashi tsakar dare ya duba ko ruwan sama ya tarar da shi, yana cire masa kaska da hannu, yana raba ƙanzon tuwonsa biyu. A kan wannan ga asarar sana'a, domin mafaraucin da ba shi da kare ɗan rakiya ne kawai, kuma horar da kwikwiyo har ya kai ga shiga daji aikin shekara ne ko fiye. Ga kuma zargin kai. Sau biyu yana maimaita mini cewa da bai kai shi wancan dajin ba da haka ba ta faru ba. Na ce masa, "Baba, ai shekara bakwai kuna zuwa kuna dawowa lafiya, wannan ƙaddara ce." Ya yi shiru, sannan ya ce haka ne.

Taimakon da irin wannan mutum yake bukata ba mai yawa ba ne. Abin da malamin firamaren nan ya yi bai wuce aron babur, da rubuta ranakun allura a jikin kalanda, da tura ɗansa ya ba karen ruwa ranar da dattijon ya tafi jana'iza wani gari ba. Mu kuma 'yan boko da muke zuwa gida da Sallah, muna da lambar likitoci a waya, wasunmu abokan karatunsu ne suka fito daga tsangayar likitancin dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Kira ɗaya ya isa a faɗa wa mutum abin da zai yi da abin da zai guje wa. Su ma mafarauta suna da shugabanni da tsari. Ƙungiyar da ke iya tara kuɗin motar zuwa farauta ba za ta gaza tara na rigakafin karnukanta sau ɗaya a shekara ba, kafin a fara fita, musamman da yake allurar tana son sanyi, ya fi sauƙi ma'aikaci ya zo da ita a rana ɗaya ya yi wa karnukan gari gaba ɗaya. Ranar 28 ga Satumba ta kowace shekara, wadda duniya ta keɓe don yaƙi da wannan cuta, ta faɗo daidai gabanin kaka. Gwamnatin Tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo a 2024, kuma hankalin kowa yana kan shanu da madara, wanda hakan daidai ne. Fatana dai a tuna da mai gadin garken. A Ingila ma, ƙungiyar PDSA da Maria Dickin ta kafa a 1917 a wata unguwar talakawa ta birnin Landan, dabbobin marasa hali ta fara yi wa magani kyauta, ba na masu kuɗi ba.

Saura magana mafi wuya. Akwai ciwon da ba ya warkewa, akwai kuma ranar da ci gaba da jinya yake zama azabtarwa. Idan kare ya daina ci da sha, ba ya iya tashi daga cikin ƙazantarsa, yana kuka dare da rana, to hutar da shi jinƙai ne. Malaman Malikiyya sun halatta a kawo ƙarshen wahalar dabbar da ba a cin namanta idan an fid da rai da ita, likitocin dabbobi kuma suna da allurar da ke yin haka ba tare da azaba ba. Amma wannan hukunci na mai kare ne tare da likita. Ba na 'yan majalisa ba ne, ba kuma na yara masu duwatsu ba. Wanda ke son taimakawa ya faɗi gaskiyar abin da idonsa ya gani idan an tambaye shi, ya bar mutum ya yanke da kansa. Na tambayi dattijon ko ya taɓa tunanin haka. Ya ce malamin dabbobi ya yi masa bayani, sun kuma yi alkawari cewa ranar da Duna ya ƙi kunu kwana biyu a jere zai aika a kira shi. "Amma har yanzu yana sha, Malam," in ji shi, "kuma in ya ji takuna yana kaɗa wutsiya."

Bayan an gama girbi na buga wa mai masaukina waya a kan wata magana daban, a ƙarshe na tambaye shi labarin mai jiki. Ya ce yana nan, ya ɗan yi ƙiba, ido dai babu. Ranar da mafarautan garin suka yi fitar farko ta bana, da asuba aka busa ƙaho a bakin gari, sai Duna ya miƙe daga kan buhunsa, ya bi jikin danga yana laluba har ƙofar gida, ya tsaya yana shinshina iska. Dattijon bai bi ayarin ba, ya zauna a dakali kusa da shi har ƙarar ta ɓace. Da yamma da suka dawo, wani matashi daga cikin waɗanda suka zo da sanduna a watannin baya ya yi sallama, ya miƙa cinyar zomo ya ce, "Baba, ga rabon Duna."